Jarka Tara da Asirin Surukata

Anti Lubabatu, ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama, ko da yake ban tabbata zan yi nadamar ba.

Ni malamar makaranta ce a Kiru. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijina, ina zaune a gidansu da 'ya'yana, ina jinyar mahaifiyarsa. Hajiya ba ta iya riƙe fitsari, wani lokaci har da bayan gida. Ta sa na rantse ba wanda zai sani, ko 'ya'yan cikinta. Kullum da asuba nakan dafa ruwa in wanke ta, in wanke zannuwa, in shanya a bayan ɗakina kamar nawa ne.

Sai ga shirin gwamnati na duba gidaje kyauta don rage ɓarnar ruwa da itace. Da yake gidan ba shiga, mace suka turo, Bahijja, wadda ni na koya wa haɗa baƙi. Ta manna takarda a jikin tanki mako guda, duk wadda ta ɗebi jarka ta ja layi. Ni sakarya na ja gaskiya. Ta tara mu a tsakar gida ta karanta: ɗakina jarka tara a rana, saura uku-uku, itacena ya ninka na kowa. Har da ba ni shawarar yin wanka da ƙaramin bokiti.

Matan gida suka kwashe da dariya. Hajiya kuwa, tana zaune kan zanen da na wanke da safiyar ranar, ta ce, "Dama na sha faɗa, almubazzara ce."

Yanzu, saboda wannan magana ta Hajiya, Uba, wan mijina, ya ce in koma gidanmu a Yako kafin azumi, yara su zauna. Niyyata ranar Juma'a in shanya zannuwan a ƙofar zaure ba wanki, masu dawowa daga masallaci su ƙirga da hancinsu.

Mai jinya, Kiru

'Yar'uwa, an zalunce ki, ba ja. Amma ki bar zannuwan nan. Idan kin shanya su, tsohuwa ce za ta mutu da kunya, kuma da wannan za a san 'ya'yanki a unguwa.

Bahijja ta ƙirga abin da aka aike ta ne. Kuskurenta karantawa a bainar jama'a ba tare da ta tambaye ki dalili ba. Hajiya kuma tsoro ne ya yi magana da bakinta, sai dai tsoronta bai halatta mata raba ki da 'ya'yanki ba.

Ki same ta ku biyu. Ki ce mata ko ta gaya wa Uba da bakinta kafin Juma'a, ko ke ki gaya masa shi kaɗai. Batun rantsuwa, ki tambayi malami hukuncin kaffara. Ki kuma tuna mata, cikin ladabi, cewa idan kin tafi, matan da suka yi dariya ne za su gaji wankin.

Allah ya ba ta lafiya, ya bar ki da 'ya'yanki.