Ƙafar Injin Malam Isuhu

Maraɗi, daren Laraba

Tun da aka rufe iyaka, mu ke zana kayan gyaran injinan ban-ruwa a ordinater, wato kwamfuta. Ɗazu na buɗe zanen ƙafar injin Malam Isuhu na Jiratawa, sai na ga kuskure. Ranar da na koma baya cikin matakan zanen don faɗaɗa ramin noti, ban dawo ƙarshe ba. Matakan gaba duk sun ɓoye, har tokara biyu masu riƙe nauyi. Haka na buga zanen a takarda na ba maƙeri.

Na kira maƙerin. Ya ce, "Injiniya, ai tun la'asar muka ɗaura. Ta yi kyau, ba nauyi."

Wayar Malam Isuhu a kashe take. Da asuba yake tada injin, yana durƙushe gab da shi. Ba tokarar nan, ƙafar na iya karyewa injin ya faɗo masa. Na zuba wa babur mai. Allah sa in riga shi.