Ranar da Ban Zura Fitila Ba

Malam Safiyanu, don Allah ka taimake ni, abin da ke cina ya fi ƙarfina.

Ni shugaban masu haƙar rijiya ne a wajen Tarka, shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Kafin mutum ya sauka rijiya mai zurfi, mukan kunna fitila mu zura ta ciki. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, ba mai shiga. Haka na gada.

Bara muna gyaran wata rijiya mai zurfin gaba talatin. Mai kwangila ya matsa mana lamba, wai manya za su zo bikin buɗewa ranar Alhamis. Tun safe injin jan ruwa ke aiki a ciki, hayaƙi ya taru. Idi, wanda ya fi kowa iya sauka, ya nemi a zura fitila. Na ce ba lokaci. Bai taɓa yi mini musu ba, ya ɗaura igiya ya sauka. Gawarsa muka jawo.

Mai kwangila ya rubuta wai farfaɗiya ce ta kama shi, ni kuma na dangwala hannu. Wallahi Idi ko ciwon kai bai cika yi ba. Matarsa Hassana har gida ta zo yi mini godiyar sutura, na kasa ɗaga ido. Yanzu ana cewa 'yarsu Zuhaira ta gaji ciwon, an hana yara cin abinci kwano ɗaya da ita. Ga shi mai kwangilar ya sake kiranmu aiki a Tenhya. In na buɗe baki, magidanta tara da ke aiki tare da ni sun rasa abinci. In na yi shiru fa?

Mai Igiya, Tarka

Mai Igiya, Allah Ya jiƙan Idi. Wasiƙarka ta sa ni hawaye, amma ba zan ɓoye maka ba: an matsa maka, gaskiya ne, sai dai bakinka ne ya ce ba lokaci. Ajali na Allah ne, ƙaryar da ke kan takarda taku ce.

Tsoronka game da magidanta tara ba wasa ba ne. To amma su ne za su ɗaura igiya a Tenhya, ƙarƙashin mutumin nan. Ka tara su, ku tsaya a kan magana ɗaya: ba fitila, ba sauka. Masu iya shiga gaba talatin ba su da yawa a ƙasar Damergu, shi ma ya sani.

Kafin wannan, ka ɗauki liman da wani dattijo ku je wurin Hassana, ka faɗa mata komai. Wataƙila ta yafe, wataƙila ta ƙi, haƙƙinta ne. Sannan ka kai maganar ofishin kula da ma'aikata a gyara takardar, ka kuma faɗa a ƙofar masallaci cewa Idi lafiyarsa ƙalau ya sauka.

Kada ka wuce wannan Juma'a. Zuhaira ta daɗe tana ci ita kaɗai. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya raya abin da Idi ya bari.