Saƙonninki Ashirin da Uku da Baba Bai Buɗe Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririyar da har yau a hoto kawai muka san ta. Allah ya raya ta, ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗan zubar da takalma a bakin ƙofa. Rigar da kika aiko ta yi wa babbar 'yata daidai, ƙaramar kuma kwana biyu ta yi tana kumbura baki.

Takarda na zaɓa don na san halinki, da na ambaci Baba a waya sai ki ce layi ba kyau. Wannan karon ki daure ki karanta har ƙarshe. Farkon maganar ba daɗi, amma albishir ne.

Idon Baba ya yi rauni ƙwarai. Kin san ba na kwana ban rubuta abin da ya faru a littafina ba. To ranar uku ga watan jiya ya miƙo mini kwalbar magani in karanta masa, wai tabaransa ya yi datti. Da na je rubutawa sai na ga karo na huɗu ke nan da na rubuta irin wannan. Na matsa masa muka je asibiti. Likita ta ce abin ya haura shekara biyu. Duk jaridar nan da yake riƙewa a falo, riƙewa ce kawai. Ko Inna bai gaya wa ba. A hanyar dawowa ya ce in rufe masa akwatin imel ɗinsa, tunda ba ya ganin 'yar kibiyar linzamin kwamfuta, kuma dama ba mai rubuto masa.

Na kai maganar ga mai gyaran kwamfuta na ma'aikatarmu, wanda muke kira Injiniya. Ya tambaye ni aikin da Baba ya yi, na ce shekara talatin yana buga tafireta. Sai ya buga tebur, ya ce ai mai irin waɗannan yatsu ba ya bukatar linzami. Ya nuna mini wani baƙin allo, ba hoto ba komai, sai ka rubuta umarni ka danna, kwamfuta ta yi, wata murya kuma ta karanto maka sakamakon. Ya ce aikina shi ne in ware saƙonnin rukuni-rukuni, kowane da gajeren suna, yadda Baba zai buga kalma ɗaya ya ji abin da yake so.

Gaskiya na tsorata. Ni da na tsaya a sakandare, ina ni ina baƙin allo? Na kwafe umarnin guda shida a bayan littafina, na ja layi ƙarƙashin kowane. Saƙo dubu huɗu da ɗari biyu na tarar. Na yi rukunin abokai, na asibiti, na dangi, da wani babba da na sa wa suna tarkace, na masu talla. Abin da ya burge ni shi ne saƙo ɗaya yana iya zama a rukuni biyu ba tare da ya bar wurinsa ba. Kawu, misali, yana cikin dangi, Baba kuma ya ce in ƙara shi a tarkace.

Rana ta uku na yi ɓarna. Na manta kalmar da ke nufin ƙari, sai sabon saƙo ɗaya ya maye gurbin duk rukunin abokai, ɗari uku da wani abu. Na hau babur na koma ofis da kwamfutar a ƙirji kamar mai kai mara lafiya. Injiniya ya yi dariya har da tari, ya ce rukuni jerin lambobi ne kawai, saƙonnin suna nan daram. Minti biyu na dawo da su, da hannuna!

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Akwai rukunin da kwamfutar ke yi da kanta, na saƙonnin da ba a taɓa buɗewa ba. Ranar Asabar da la'asar na haɗa sunanki da wannan rukuni, don in gwada ko na iya. Ashirin da uku suka fito. Na sake bugawa sau uku don ban yarda da kaina ba. Auta, duk saƙon da kika aiko tun bayan tafiyarki, ko ɗaya Baba bai buɗe ba. Bai ma san sun zo ba. Ke kina can kina cewa fushin tafiyarki ne ya hana shi amsawa, shi yana nan yana gaya wa Inna kin samu wuri kin manta da shi.

Ban karanta miki sirri ba. Na zaunar da shi, na ɗora yatsunsa a kan madannai, na gaya masa abin da zai buga. Muryar nan tana karanta Hausa kamar mai mura, da farko har ya yi dariya. Da aka zo saƙo na tara, wanda kika ce kin ci jarrabawa, ya sa a maimaita. Da aka zo na haihuwa ya cire tabaransa. Na ƙarshen kuwa, inda kika ce ba za ki ƙara damunsa ba, sai ya ce, "Ashe yarinyar nan ta yi ta sallama, ina ciki."

Ran Talata ya kore ni daga ɗakin, ya buga miki amsa da kansa. Ban san abin da ya ce ba. In ba ki gani ba ki duba wurin da saƙonnin banza ke faɗawa. Ya kuma sa na yi masa rukuni na biyar mai suna auta, ya haddace umarninsa tun kafin ni. Kullum da safe yana bugawa, muryar ta ce babu sabo, ya ce wataƙila ni ne na haɗa abin ba daidai ba. Na duba sau biyar, ina jin daidai yake, amma ba mai tabbatar mini sai ke.

Inna tana gaishe ki, da Goggo, da Kawu, da matata da yaran. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan jaririya. Ko layi ɗaya ne ki aiko. Ƙarfe bakwai yake dubawa, kafin ya taɓa shayinsa.

Naki,
Yayanki