Sifikun Baba

Lamisula, Maiduguri
Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ƙarfe 4:20 na yamma

Yaya Obadiah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan iyali da ɗalibanka lafiya. Ina rubutu ne a falo, Mama tana ɗaki. Gwaggo Rebeka ta ce ka kira ni ɓarauniya a waya, don haka ga abin da ya faru daidai.

Ranar Asabar na kai wa Malam Nasidi mai gyaran rediyo manyan sifikun marigayi Baba guda biyu, ya musanya mini da ƙanana biyu na ɗorawa kan kantar bango. Dalilaina: tun ambaliyar bara gindinsu ya kumbura, ɗaya tana gurnani, kuma sun tare hanyar kicin. Ƙananan suna sama, ruwa ba zai kai gare su ba. Na gwada su da kaset ɗin mawaƙan cocinmu, wanda Baba ya yi waƙa a cikinsa, kowace kalma tana fita tar. Ni ke share ɗakin nan, ba kai ba.

Ƙanwarka,
Susanna

*

Biu, 17 ga Oktoba

Susanna,

Na gaishe ki, amma raina a ɓace yake. Kowace kalma tana fita tar? A kunnen wa? Kin gama jami'a kin dawo kina gyara mana gida, amma ba ki lura uwarki ba ta ji ba! Tun kina aji biyu a jami'a kunnenta ya tafi, bakin mutum take kallo. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa kujerarta take manne da sifikar hagu? Tafin hannunta take ɗorawa a jikin katakon. Idan muryar Baba mai kauri ta shigo cikin waƙar, katakon yana rawa, da haka take gane shi. Abin da ya rage mata ke nan na mijinta, ke kuma kin ɗora shi inda hannunta ba zai kai ba.

Ki dawo da su.

Obadiah

*

Lamisula, Lahadi 19 ga Oktoba, bayan sujada

Yaya,

Ina gaisuwa. Direban motar Biu ya kawo takardarka jiya. Na tsaya a bayan Mama na kira ta, ba ta juyo ba. Na sauko da ƙaramar sifika na sa mata a cinya, na kunna. Ta riƙe kaɗan, ta miƙo mini, ta ce, “Yana da kyau, ’yata,” ta koma ɗaki.

Yanzu ka amsa mini. Kai ka sani, Gwaggo ta sani, har Hassana maƙwabciyarmu ta sani. Duk hutun da na zo, ba wanda ya buɗe baki. Gwaggo ta ce wai kada hankalina ya tashi in faɗi jarrabawa. To na ci jarrabawar! Kun bar ni ina yi wa uwata hira daga kicin ina zaton fushi take yi da ni. Kai da ka san komai, kana Biu kana ba da umarni ta hannun direba.

Malam Nasidi ya riga ya sayar da su ga wani mai kiɗan biki a Ajilari. Gobe zan je.

Susanna

*

Lamisula, Talata 21 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Ɗaya kawai na samo. Mutumin ya ce, “Hajiya, ɗayar tana gidan biki a Bama, ni ma nemanta nake.” Na kawo wannan a keke napep, na tsayar da ita kusa da kujerar Mama, na kunna kaset. Ta fito, ta zauna, ta ɗora hannu. Ta daɗe a haka, sannan ta ce in ƙara sauti.

Abubuwan da ban sani ba:

Ko wannan ce ta hagun, don mai kiɗan ya goge alamar da ke bayanta.

Ko ya canza kayan cikinta. Ya rantse bai buɗe ba, amma kusoshin sababbi ne.

Ko ɗayar za ta dawo daga Bama.

Ko Mama ta ce in ƙara sauti ne don ta sami Baba a ciki, ko don ba ta same shi ba. Na kasa tambayarta. Ka zo ka tambaye ta da kanka.

Ka gai da iyali.

Susanna