Keken da Ba Ya Ƙara

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kana lafiya, ya aiki? Akwai maganar da na kasa faɗa a waya.

Ka san likita ya ce hayaƙin keken hayar da Baba ke tuƙawa ne ke cin ƙirjinsa. Ranar Asabar ya tafi da ni shagon masu keke mai caji. Mai shagon ya ba shi makulli, muka zagaya layin. Babu hayaƙi, babu ƙara. Baba har murmushi yake, ya ce, "Auta, ya kika ji?"

Na ce, "Shiru ya yi yawa, kamar gidanmu tun da Mama ta rasu."

Wallahi ban san zai fito daga bakina ba. Baba ya mayar da makullin, ya ce wa mai shagon sai wani jiƙon. Washegari ya kai tsohon keken wurin bakanike.

Yanzu tarin ya ƙaru. Ni na jawo, Yaya.

Ƙanwarka, Auta.

Wa alaikumus salam Auta,

Ke da sai an yi da gaske kike buɗe baki, ranar da kika buɗe kin kori ciniki!

Daina kuka. Ba ke kaɗai ba ce. Ki duba rigar kujerar baya ta tsohon keken, mai ɗinkin kore. Mama ce ta ɗinka ta kafin ki yi wayo. Sau biyu ina kai Baba shagon nan, kullum sai ya samo dalili. Ki je ki yi masa magana, ke yake ji.

Ki gaida shi. Yayanki.

Assalamu alaikum Yaya,

Sai da na yi kwana tara ina juya maganar kafin na iya. Ina ma ban jira ba.

Da na gama yi masa maganar, sai ya nufi tsohon keken. Ya cire rigar kujerar da hannunsa, ya ce in wanke, in gwada ko za ta shiga sabon. Da muka sayo sabon keken, ta shiga, sai dai gefe ɗaya ya ɗan tattare.

Amma jiya likita ya hana shi tuƙi sai ƙirjin ya warke. Sabon keken yana tsakar gida, ko layinmu bai taɓa fita ba. Da, ƙarar inji nake jira in san Baba ya dawo. Yanzu tarinsa nake saurare, ko zai lafa.

Ka zo gida, don Allah.

Auta.