Bahago da Dutsen Mutanen Da

Ranar Litinin

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan zamanka na bakin kasuwa. Makon jiya sau uku ina kiran ka a waya, duk abin da na faɗa sai ka ce "Madalla", har lokacin da na ce maka zazzaɓi nake yi. Na ga dai ƙarar injin washin nan ta gama da kunnenka, shi ya sa na koma takarda.

Baba, wata huɗu ke nan da na fara aiki a gidan adana kayan tarihi, kuma an ba ni aikin farko da zan yi da kaina. Akwai wani dutse a ƙauye, tafiyar awa uku a mota, a gefen gonar wani dattijo. Faɗinsa ya kai tabarma biyu, a kansa akwai tsaga tara, dogaye masu santsi. Farfesan da ke shugabantarmu ya ce mutanen da, tun ba a san ƙarfe ba, a nan suke wasa gatarinsu na dutse, irin wanda manoma ke tsinta su ce gatarin aradu ne. Ni aka ce in rubuta allon bayanin da za a kafa a wurin.

Na karanta littafi biyar, kwana shida ina zaune gaban takarda, layi uku kawai na samu. Waɗanda suka rubuta littattafan nan ko wuƙar yanka albasa ba na jin sun taɓa wasawa. Kai kuwa shekara arba'in kana yi. Asabar ta sama za mu je da Farfesa da ma'aikata biyu, kuma akwai wuri a mota. Don Allah ka zo ka duba mini shi.

Ka gaida Tela da Mai Nama.

'Yarka,
Auta

Ranar Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta sau biyu, Tela ya karanta mini na uku don ya ce idona ma ya bi kunnena. Sannu da jiki. Da na ji zazzaɓi kika ce, ai da ban ce madalla ba.

Dutsen nan ya hana ni sakat. Jiya ina wasa almakashin wata mata ina tunaninsa, saura ƙiris in mayar mata da shi allura. Zan zo. Amma da sharaɗi guda, kuma ba na son gardama. Kada ki gaya wa mutanen ofis ɗinku ni mahaifinki ne. Ki ce wani mai washi ne kika samo a kasuwa. Ba ƙarya kika yi ba, a can za ki same ni. Ke sabuwa ce a wurin, kowa idonsa na kanki. Hannuna kuma kin san shi, ko sabulun duniya aka tara masa baƙin ƙarfen nan ba ya fita.

Ki taho da jarkar ruwa babba, ba ta sha ba. Ba a gane dutse a bushe.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

Ranar Lahadi

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Gwaggo, jiya ƙaninki ya sa na yi abin da kika hana ni tun ina ƙarama, wato kuka a gaban mutane.

Mun je ganin dutsen da na ba ki labari, tare da Baba. Ya sa ni alkawarin ba zan ce mahaifina ne ba, don haka can bayan mota ya zauna, shi da kayan awo. Da muka isa, Farfesa ya tsaya gaban dutsen ya yi mana bayani wajen rabin awa. Baba yana gefe, hannu a baya, kamar wanda ya rako wani asibiti. Sai da aka gama ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in taɓa?"

Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kwarara ruwa a tsagar farko, ya bi ta da yatsa ido a rufe. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo ta bakwai sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ɗan'uwana ne. Bahago ne."

Farfesa ya ce, "Ta yaya ka sani?"

Baba ya ce, "Duba inda ta fi cinyewa. Sauran duk gefen nan suka kwanta, wannan da ta kusa da ita suka kwanta can. Mai dama in ya yi haka kafaɗarsa ba za ta kai azahar ba."

Farfesa ya tuɓe hula, ya durƙusa cikin laka da wandonsa mai guga, ya gwada da dama, ya gwada da hagu.

Daga nan Baba ya miƙe yana waige-waige, ya ce ina sauran. Muka ce ai tara ne, an ƙirga. Ya ce, "Waɗannan duk na fitar da baki ne. Ba mai sana'ar da zai tsaya a nan ya ce ya gama. Akwai inda suke gogewa ya yi sheƙi, kuma ba zai yi nisa ba, don mai washi ba ya son tashi." Ya kewaya dutsen, ya tsaya ta ɓangaren inuwa, wajen da ke kallon rafi, inda mai gonar ya shekara yana tara ƙasa da ƙaya. Ya roƙi aron fartanya. Ɗaya daga cikin ma'aikatanmu har yana ƙunshe dariya.

Gwaggo, ba a yi tonon da ya kai gwiwa ba sai ga shi. Wani kwarmi kamar akushi, da aka zuba masa ruwa ya yi santsi kamar kumatun jariri. Shekara goma sha biyu masana suna zuwa wurin nan, ba wanda ya san da shi.

Farfesa ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya juyo ya ce mini, "A ina kika samo wannan malamin?" Baba ya harare ni. Na ga hararar sarai. Ina hawaye na ce, "A gidanmu. Mahaifina ne." Muryata har mai gonar da ke can nesa sai da ya ji.

A hanyar dawowa Farfesa ya rantse sai Baba ya zauna gaba. Da Baba zai sauka ya ce mini, "Kin karya alkawari," sai kuma ya dafa kaina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Ke kika riƙe ni tun rasuwar Mama ina 'yar shekara bakwai, kin san shi fiye da kowa. Me ya sa Baba yake ganin zai ba ni kunya? Ni ban taɓa faɗa masa haka ba. Wa ya sa masa wannan a zuciya?

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Auta

Ranar Laraba

Bahago,

Bayan gaisuwa. Yarinya ta rubuto mini abin da ya faru, na kuma taya ka murna. Sai dai ta yi mini wata tambaya da ban ji daɗinta ba. Ina so ka gaya mini gaskiya, ba kwana-kwana: me ka faɗa mata game da ranar ba da kyaututtuka a makarantarsu?

Shekara talatin ina shugabantar makaranta, ban saba yaro ya titsiye ni ba. Ina jiran amsarka cikin makon nan.

Yayarka

Ranar Asabar

Yaya,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan ƙafa ta lafa. Har yanzu in na ga rubutunki sai in gyara zama.

Ban faɗa mata komai ba, ba kuma zan faɗa ba. Shekara tara ke nan, abin da ya wuce ya wuce. Kin ɗauki 'yata kin sa ta a makaranta lokacin da ni ba ni da yadda zan yi. Wanda ya yi maka wannan ba ka tsayawa tuna masa magana guda.

Bari in ba ki labarin dutse, shi ne a bakina. Yaya, da na durƙusa gaban tsagar nan ta bakwai, gwiwata ta faɗa wani ɗan lotsi a jikin dutsen, daidai ita, kamar an auna. Wani ya daɗe yana durƙuso a wurin. Ban san sunansa ba, ban san yarensa ba, amma na san inda bayansa yake masa ciwo da yamma. Na san yana tsayawa ya gwada kaifi da babban yatsa. Wataƙila shi ma an sha buge masa hannu a kan cin abinci da hagu.

Farfesa ya ce gatari ɗaya yakan ci kwanaki ana gurzawa. Da shi aka sare daji aka yi gona, da shi aka kafa rumfar farko. Ashe sana'ata ta girmi ƙarfe, ta girmi takarda da alli. Shekara arba'in ina cewa ni mai washi ne da ƙaramar murya, kamar mai neman gafara. Shekaranjiya wani ya tambaye ni aikina, na faɗa masa har Mai Nama ya leƙo ya ce lafiya.

Sun ce ranar da za a kafa allon, ni zan nuna wa baƙi yadda ake yi, a kan wani dutse daban don kada a ɓata na mutanen da. Na samo dutsen gatari a rafi, kullum bayan la'asar ina gurzawa. Ya fara kama haske.

Ki kwantar da hankalinki. Yarinya ba za ta ji daga bakina ba.

Ƙaninki,
Bahago

Ranar Talata

Auta,

Bayan gaisuwa. Kin yi tambaya, ga amsa. Ni ce.

Ranar da kika gama sakandare kika zo ta ɗaya, na ce miki babanki bai samu barin aiki ba. Ƙarya na yi. Ya zo. Tun daga kasuwa ya taho a kan kekensa, da rigar aiki, don kada ya makara. Na tare shi a bakin ƙofa, ga manyan baƙi suna shiga, na ce masa ya tsaya waje kada ya ba ki kunya. Ya jingina keken a ƙarƙashin tagar zauren taro, ya tsaya cikin rana har aka kira sunanki sau huɗu, lokacin kunnensa na ji. Sannan ya tafi.

Kin yi kusan shekara kina gaishe shi sama-sama saboda wannan, ina gani, na yi shiru. Shi kuma har yau yana rufa mini asiri. Na koyar da yara dubbai cewa sana'a ba ta da ƙasƙanci, na kasa koya wa kaina a kan ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya.

Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Wannan takardar ita ce iyakar ƙoƙarina.

Gwaggonki

Ranar Juma'a

Gwaggo,

Gaisuwa da girmamawa. Na karanta. Kwana uku ina fushi da ke, ba zan ɓoye miki ba, kuma ban gama ba tukuna. Na je kasuwa na durƙusa gaban Baba na ba shi haƙurin waccan shekarar da na yi ina gaishe shi sama-sama. Ya ce in tashi ina tare masa masu kawo aiki.

Za a kafa allon ranar Asabar. Mota za ta biyo ta ƙofar gidanki ƙarfe bakwai na safe. Daga titi zuwa dutsen akwai 'yar tafiya, ki taho da sandarki, ni zan riƙe ki. Na sa an ajiye miki kujera a sahun farko, inda zai gan ki.

Ban gaya masa za ki zo ba. Abin da za ki ce masa, ke kika sani.

'Yarki,
Auta