Harafi Ɗaya Tsakanin Bawul Biyu

Kachalla Sembe, Jalingo

Zuwa ga 'yata Miriam,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Elvis da yara. Kullum ina roƙon Allah ya kiyaye ku a Legas, ya sa albarka a aikin hannunku. Mu nan muna lafiya. Masara ta yi kyau bana, ƙafar yayanki Matiyu ta warke har ya koma hawa babur. Na zaɓi in rubuta ne maimakon in kira, domin kin san yadda waya ta zama mini, ke ki yi ta ihu ni in yi ta cewa "na'am?". Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya koyi riƙe biro bayan furfura ba ya tafiya a miƙe.

Ƙunshin da kika aiko wa 'yarki Vivian, jikata da ke nan wajena, ya iso, ba abin da ya fashe. Na san kin shiga kasuwa kin saya ba tare da kin san amfaninsu ba, shi ya sa zan ba ki labari. Waɗannan 'yan kwalabe biyu su ne bawul, irin na cikin rediyon da, wanda sai ya ɗumama kafin ya yi magana. A jami'a an ce kowane ɗalibi ya haɗa wata na'ura da hannunsa, sai amaryar tawa ta ce ita amfilifaya za ta haɗa, wadda za ta ƙara wa hedifon ƙarfi, saboda tsohon mijinta, wato ni kakanta, ya kurmance. Na ce mata tsiwarta ce ta toshe mini kunne. Amma na san dalilinta. Kin tuna kasat ɗin Zumuntar Mata wanda marigayiya mahaifiyarki Dokas ke jan baiti a ciki? Vivian ta mayar da shi cikin waya tun bara, kowa na gidan ya ji ban da ni. Ni sai dukan tulu da ƙarar caki nake ji, muryar kuwa kamar daga ƙasan rijiya. Likita kuma ya faɗa mini a fili cewa jin nawa raguwa zai yi ta yi. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara tsoron kunnen zai rufe ban sake jin ta ba.

Ranar da ta gama haɗawa, ta ajiye bawul ɗin biyu a kan tabarma ta ce in zaɓa. Tsawonsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya. Na sa tabarau na karanta, ɗaya 12AX7, ɗaya 12AU7. Harafi ɗaya ne kawai ya raba su. Na tambaya wanne ya fi ɗaga murya, ta ce mai X yana ninka ta kusan sau ɗari, mai U kuwa ko ashirin bai cika ba. Na ce to me ake jira, kurma ai ɗari yake nema. Ta yi 'yar dariya ta saka mini shi. Gilashin ya yi ja a ciki kamar garwashi, ta ɗan murɗa kaɗan sai ƙara ta tashi da sauri. Amma da ta ƙara zuwa inda kunnena yake bukata, sai komai ya farfashe, muryoyin matan suka cakuɗe kamar ana yaga buhu. Na cire hedifon na ce mata ta gode, ta yi ƙoƙari, laifin kunnena ne. Na tashi zan shiga ɗaki don kada ta ga fuskata.

Sai ta riƙe mini riga ta ce Kaka ya zauna, ba a gama ba. Ta ce ɗaga murya daban, ƙarfin ɗaukarta daban. Ta nuna mini famfon tsakar gida, ta ce idan na toshe bakin tiyo da yatsa ruwa zai yi tsalle ya kai bango, amma bokiti ba zai cika da wuri ba. Haka mai X yake, yana da tsalle amma wutar da yake iya turawa kaɗan ce, babban hedifon kuwa wuta yake ci. Mai U ba ya ɗoki, sai an murɗa sosai, amma yana da abin bayarwa. Ta bari ya huce, ta canza. Ina zaune ina tunanin cewa a makarantar yamma X shi ne abin da malam yake zana mana da jan biro idan mun kuskure, ko a baƙaƙen Hausa ma babu shi, amma ga ni na ruga wajensa don an ce mini ɗari. Na kuma tuna mahaifiyarki. A cikin matan nan ba ita ta fi kowa ƙara ba, amma idan ta ɗauki baiti tana kai shi ƙarshe ba ta karye ba.

Miriam, na ji ta. Na ji ta sarai, har inda take jan numfashi kafin amshi. Na zauna ina hawaye ina dariya, har maƙwabciyarmu Asta ta leƙo ta katanga tana tambaya da Fulatanci ko jam, wato ko lafiya, na ce mata jam ƙwarai. Kuma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bayan waƙa ta biyu, inda kowa yake tsammani hayaniya ce kawai, akwai kukan yarinya, sai Dokas ta juya daga makirfo ta kira sunanki, ta ce ki zo ta goya ki. Vivian ta saurara ita ma ta tabbatar. Duk shekarun nan tana kiranki a cikin kasat ɗin ba wanda ya ji.

Vivian ta ce za ta turo miki ta waya, na hana ta. Ki zo da Kirsimeti ki zauna a kan tabarmar nan, in sa miki hedifon da hannuna, ki amsa wa uwarki.

Ki gaishe mini da Elvis, da Rachael da ƙaramar Patience. Matiyu da iyalinsa suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Ni ne mahaifinki,
Tobias